Ƙarfen Gwiwa

Ni dai gyaran keken ɗinki na sani,
a rumfata ta bayan kasuwar Garwa.
Ranar Laraba sai ga Hamajoda,
jikansa na turo amalanke,
an lulluɓe kayan da zanen gado
kamar mai karaya za a kai gidan ɗori.

Jita ce, in ji shi, amma ta kwance,
ƙafa huɗu kamar teburin mai shayi,
tsirkiya goma a gadon bayanta,
feda uku a ƙasa,
da wasu ƙarafa masu reto
da hannu ba ya taɓawa, sai gwiwa.

"Shekara talatin da ɗaya muna tare,
tun ina kiɗa a otal ɗin bakin gada.
Yanzu in na tura na hagun nan,
tsirkiya ta huɗu sai ta taso,
ta tsaya a hanya,
kamar baƙon da ya ji haushin kare a zaure."

Muka kifa ta kan tabarma.
Cikinta rodi ne siri-siri,
da sifirin, da dauɗar tsohon mai,
da gidan zanzaro guda a lungu.
Na ce, ai dangin aikina ce:
a taka nan, can ya motsa.

Muka tashe ta tsaye.
Ya nuna mini fararen noti a gefe,
ƙanana, ba su kai ƙwayar gujiya ba,
ya ciro mabuɗinsu daga cikin hula.
Ni ke murɗawa, shi ke saurare,
ido a rufe, baki a buɗe.
"Ƙara."
Na ƙara.
"Ka wuce. Dawo, kamar faɗin farce."
Ni ban ji bambanci ba ko kaɗan,
shi kuwa ya yamutsa fuska
kamar ya tauna tsakuwa a shinkafa.

La'asar ta yi, zafi bai sauka ba.
A garin nan ƙarfe ma miƙa yake,
abin da ka ɗaure da hantsi
kafin azahar ya saki jiki.
Na ɗiga man keke a kowace gaɓa,
na ja sifirin ɗin da ke mai da tsirkiya gida
in an sake ta.

Na tura ƙarfen da tafin hannuna:
sauti ya hau, ya kai, ya zauna daram.
Ya zauna, ya tura da ƙafarsa:
ya hau, ya tsaya a zauren nan dai.
Sau uku muna haka.
Sai na durƙusa na leƙa ƙasa,
na ga gwiwar tana rawa cikin wando,
ta yi iyakar tafiyarta,
saura yatsa biyu ta cim ma wurin.

Ban ce komai ba.
Na juya ƙusar da ke saita ƙarfen,
na matso da shi kusa da ƙafar.
Na ce, "Tsatsa ce, Baba, ta riƙe shi."

Ya sa faratan ƙarfe a yatsu,
ya ɗora sandarsa mai santsi.
Babu lantarki, muryar siririya ce,
amma ta tashi, ta lanƙwasa,
ta sauka inda ya aike ta,
kamar kwalekwale ya taɓa gaɓar Binuwai.
Mai gasa kifin Lagdo ta bar fifita.
Tela ya ɗage ƙafa daga kan keke.

Dala ɗari ya ba ni, na ƙi, ya tura mini aljihu.
Jikan ya ɗaure kaya.
Har sun kai bakin kwata ya waiwayo:
"Ɗanlami, ƙusar tsatsar nan taka,
juyi nawa ya rage mata?"
Na ce, "Uku, ko huɗu."
Ya ƙirga wani abu a yatsunsa.
"To," ya ce, "sun ishe ni."